Awa Ukun da Don Evaristo Ya Tsare Amarilis

Kullum ƙarfe shida saura kwata motar Río Abajo ke sauke Don Evaristo Lashley a ƙofar tashar jiragen ruwa, da farar riga mai aljihu huɗu, hular kwano a hammata, da jakar fata wadda ta girmi rabin masu gaishe shi. Ba ya fara shiga ofis. Rumfar Doña Eufemia yake tsayawa, ta miƙo masa soyayyen hojaldre biyu, wani irin fanke, da baƙin kofi, ta ce, "Dogo, yau ma ba ka mutu ba?" Shi kuma ya ce, "Ina jira ki iya dafa kofi tukuna." Daga nan sai ya shiga ƙaramin kwalekwale mai inji, ya nufi gindin gada, inda aka kafa dogon katako mai lambobi. Ya duba inda ruwa ya tsaya, ya rubuta a littafinsa, ya dawo. A ofis akwai na'urar da ke faɗin wannan lamba tun kafin ya tashi daga barci. Ya san da ita, yana kuma dubawa. Amma sai ya je ya gani.

Shekara talatin da takwas yana haka. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, shi ya sa na roƙi masu jaridar ƙungiyarmu su ba ni fili. Ni Cleto Samaniego ne, shugaban 'yan dako a tashar fasinja. Aji uku na yi a makaranta, sauran a bakin ruwa na koya. Ni na riƙe 'yarsa a coci ranar baftisma, don haka compa muke kiran juna, kuma abin da zan faɗa a kansa akwai inda bai yi mini kyau ba.

Kowa ya san yadda muke. Tasharmu tana daga cikin gada, duk jirgin da zai zo mana ko zai bar mu sai ya ratsa ta ƙarƙashinta. Ruwa kuwa sau biyu a yini yake cika ya janye, ƙafa goma sha biyar ko fiye. In ya cika, kan jirgi ya matso kusa da gada. In ya janye sosai, gindin jirgi ya nemi laka a kwanar da ke gaba. Aikin Don Evaristo shi ne ya ce wannan jirgi zai wuce ko ba zai wuce ba, kuma da ƙarfe nawa, ya sa hannu. Sai da hannunsa matuƙin tasha ke hawa jirgi ya fitar da shi. Yadda yake yi kuwa, hawa yake da ƙafarsa har ƙololuwar jirgi, ya saki igiyar awo ta ƙarfe mai dalma a baki, bene bayan bene, har ta taɓa ruwa. Kaftin Olmedo, wanda ya fi shekara ashirin yana fitar da jirage, ya taɓa gaya mini cewa duk matuƙin da ya doshi gada sai ya ɗaga kai, komai daɗewarsa. "Amma in takardar Dogo ce a aljihuna," in ji shi, "gabana nake kallo."

Jiragen 'yan shaƙatawa iri biyu ne a wurinmu. Akwai mai biyowa ya tsaya yini ɗaya, fasinja su sauko su sayi hula su koma, da yamma ya kama gabansa. Akwai kuma wanda ya mai da tasharka gidansa, daga nan yake tashi, nan yake dawowa. Irin wannan guda ɗaya gare mu, Amarilis. Duk Asabar da safe ya sauke mutum dubu biyu, ya kwashi wasu dubu biyu. Jakunkunansu mu ke ɗauka. Zannuwan gadonsu matan unguwar Chorrillo ke wankewa. Masu tasi, masu otal, masu kawo abarba daga Chorrera, masu kifi, duk Asabar ce ranarsu. Shekara shida yana wucewa ƙarƙashin gada da tsakar rana, ko ruwa ya cika ko ya janye, yara a sama suna ɗaga masa hannu.

Shekara tara ke nan da abin da zan ba da labari. Amarilis ya dawo daga gyara ranar Talata, fes da sabon fenti, ya kwana huɗu a gabanmu wasu ma'aikata da aka kawo daga waje suna ta ƙwanƙwasa a can sama. Dukanmu mun ga lokacin da injin ɗaga kaya ya ɗauki wani farin abu kamar ƙaton tulu, aka ɗora shi a kan rufin ƙarshe. Aka ce na sadarwa ne, don fasinja su riƙa aika hotuna gida daga tsakiyar teku. Mun gani, mun yaba. Cikinmu ba wanda gada ta faɗo wa a rai, har ni. Jirgin da ka saba gani duk mako, idonka ya daina auna shi. Tsawonsa yana rubuce a fayil tun ranar da ya fara zuwa, kamfanin jirgin kuma bai aiko sabuwar takarda ba. Don Evaristo ba ya nan a makon, yana garin Colón wajen binne ƙanensa.

Akwai abu na biyu, wanda shi ne ya cika mana ciki. Manyan kamfanin su uku sun zo za su yi wannan tafiya, kuma daga mai shara har mai gadi kowa ya ji dalili. Za su yanke ko jirgi ya ci gaba da zama a wurinmu, ko su mai da shi wata tasha da ba ta da gada. An ɗaura tutoci, an ɗauko masu badujala, ni kaina na sa 'yan dako sun goge takalma.

Asabar da safe ya sauko daga mota kamar kullum. Doña Eufemia ta ce ta miƙa masa kofi ya karɓa, amma bai kai baki ba. Kansa yana sama.

"Eufemia, wa ya sa wa jirgin nan hula?"

"Sai yau ka gani? Ai ta yi masa kyau."

Ya ajiye kofin ya ɗauki jakarsa. Bene goma sha huɗu, sannan tsani, yana da shekara hamsin da shida. Wajen goma da rabi ya sauko rigarsa sharkaf, ya tarar da Licenciado Barsallo, wakilin kamfanin jirgin, yana jira a bakin matakala da takarda da biro. Ina tsaye taku biyar daga wurin, muna loda kaya.

"Don Evaristo, sannu da dawowa, Allah ya ba da haƙuri. Ga takarda, sha biyu za mu tashi."

"Ba zan sa ba, Licenciado."

"Shekara shida kana sa mata hannu."

"Jirgi marar hula na sa wa hannu. Wannan wani ne."

"Takarda ta ce akwai sararin ƙafa biyar, ko da ruwa ya cika."

"To a tura takardar ta wuce, mu tafa mata. Tulun can ƙafa bakwai ne. An wanke tankunan ruwan da ke danne jirgi ba a cika ba, jirgi ya taso ƙafa ɗaya da rabi, dubi jan fentin gindinsa a waje. Yau sha biyu daidai ruwa ke cika. Jirgin nan ya fi ƙasan gada da ƙafa uku da rabi."

"A cika tankunan mana."

"Ko an cika, tulu yana nan. Sai ƙarfe uku. Daga uku zuwa huɗu saura kwata. Kafin nan gada, bayan nan laka."

Barsallo ba sakarai ba ne. Bai ɗaga murya ba. Ya dubi sama inda manyansa ke shan lemo, sannan ya juyo gare ni. "Cleto, zo ka yi wa compa ɗinka magana. Mutanen can kalma ɗaya suke jira su ji a yau, gada. In suka ji ta, Asabar mai zuwa kai da mutanenka ku zo ku ɗauki jakar iska."

Kafin ka ce me, magana ta zagaye tasha. 'Yan dako suka ajiye kaya, masu tasi suka baro motoci, matan wanki suka fito da kumfa a hannu. Wani direba da ake kira Ñato ya yi ihu daga baya, "Kai Dogo, gadar ta ubanka ce?"

"Da ta ubana ce da na ɗaga muku ita," in ji Don Evaristo. "Ñato, matarka ba motar sha biyu take hawa zuwa Arraiján ba? Ta kan gadar nan motar ke bi."

Na ja shi gefe. Na ce, "Compa, don Allah. Mutum ɗari huɗu ke ci a jirgin nan. Igiyar taka ta tsufa, wataƙila ta miƙe."

"Ta ƙarfe ce, compa."

Sai na faɗi abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Na ce, "Shekaranjiya ka binne ɗan'uwanka. Hankalinka ba ya jikinka. Ka sa hannu ka tafi gida ka huta."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Na san haka. Shi ya sa na auna sau biyu."

Hayaniyar ce ta sauko da kaftin ɗin jirgin, wani tsohon Bature mai farin gashi da ba ya jin yarenmu sai kaɗan. Barsallo ya tare shi da takarda yana bayani da sauri. Don Evaristo ya buɗe jakarsa. Ya zaro bakin igiya ya danƙa wa kaftin a hannu, ya nuna sama da yatsa, ya kama matakala. Karo na uku ke nan a safiya ɗaya. Rodel, ɗan Filifin da ke shugabantar ma'aikatan saman jirgi, shi ya bi su, shi ya ba mu labari daga baya. Ya ce kaftin da fararen kayansa ya kwanta rub da ciki a kan rufi, ya riƙe igiya, ya karanta lamba, ya sake karantawa, ya yi alamar gicciye, ya ce a kashe inji.

Masu badujala suka naɗe kayansu. Aka sanar wa fasinja cewa sai ƙarfe uku, aka buɗe musu wurin shaye-shaye, su kam ko a jikinsu. Mu ne muka zauna a kan amalanke kamar gidan makoki. Ba wanda ya yi wa Don Evaristo magana sai Doña Eufemia, da ta dangwarar masa da kwanon farfesun sancocho har romo ya zuba. "Ci, mugu. In jirgin nan ya tafi bai dawo ba, kai za ka riƙa cinye hojaldre ɗari uku duk Asabar." Ya cinye tas, ya shiga kwalekwalensa, ya je gindin gada ya zauna cikin rana, rediyon hannu a cinya, idonsa a kan katako.

Uku saura biyar muka ji muryarsa a rediyon mai gadi. "Kaftin Olmedo, taho. Ƙafa huɗu za ka samu."

Kaftin ɗin jirgi ya sa Rodel ya ɗaura siririyar sandar roba mai tsawon ƙafa huɗu a tsaye a kan tulun. Tasha kaf ta koma bakin katanga. Amarilis ya ja da baya, ya juya, ya doshi gada a hankali. Daga inda muke sai ka rantse zai kwashe ta. Matar da ke kusa da ni ta rufe fuska da zanen gado jiƙaƙƙe. Rodel ya ce kan sandar ya shafi ƙarfen gada, ya ɗan lanƙwasa, ya miƙe, tattabaru suka tashi. Manyan kamfani suna tsaye a benen ƙarshe, ba wanda ya ba su labari. Tun sha biyu ruwa ya sauka ƙafa bakwai da rabi, kuma ko mai aji uku ya iya wannan lissafin.

Da a nan maganar ta ƙare da na ce sa'a ce. Ba ta ƙare ba. Manyan suka dawo bayan mako suka ce tashar da ba za a iya buga wa fasinja lokacin tashi ba, ba gida ba ce. Sun ba da wata ɗaya. Barsallo kuma ya rubuta ƙara cewa ma'aikaci ya kunyata kamfani a gaban baƙi. Rabin tasha suna cewa Dogo ya cece mu, rabi suna cewa da ya rufe baki an san yadda za a yi. Yadda za a yi ɗin ne har yau ba wanda ya faɗa mini.

Don Evaristo kuwa lissafi ya koma. Ya ɗauko littafin lokutan cika da janyewar ruwa, ya haɗa da littattafansa na shekaru. Kullum in ya tashi aiki da la'asar sai ya zauna a teburin Doña Eufemia, tana masifa ya tare mata wurin masu ciniki. Mako uku yana rubutu da fensir. Asabar ɗari da huɗu ya jera, na shekara biyu, kowace da lokacin da jirgi zai iya shigowa da lokacin da zai iya fita, da hularsa da komai. Goma sha ɗaya ne kaɗai suka buƙaci a matsar da tashi da fiye da awa ɗaya. Ba wanda ya sa shi, ba kuma aikinsa ba ne. Ya kai wa kaftin ɗin jirgi hannu da hannu, kaftin ya kai wa manyansa, ya ce musu tashar da ke da mutum irin wannan ya fi yarda da ita a kan wadda ba ta da gada. Kamfani ya buga lokutan a tikiti. Amarilis bai tafi ba. Da jarida ta zo, hoton Barsallo ta ɗauka yana gaisawa da manya.

Ni kuwa sai da na yi mako bakwai kafin ƙafata ta kai ni wurinsa. Na same shi yana shirin hawa wani jirgin kaya. Na fara kame-kame. Ya ce, "Compa, ka shigo da ƙyar kamar wanda ya kafe a kwana. Riƙe mini bakin igiya." Na riƙe. Bai sake tayar da maganar ba, ko sau ɗaya.

Don Evaristo, bari in juyo gare ka, tunda a gabanka bakina ba ya iyawa. Kai ne ka tsaya kai kaɗai a bakin matakala, mutum ɗari huɗu da ka sani da suna suna zaginka saboda abincinsu, kuma abincin nasu kake karewa. Kai ne aka soka da mutuwar ƙanenka ka amsa da lissafi. Dogo, gagara lallashi. Na yi yawo a jiragen kaya ina saurayi, na ga tashoshi a ƙasashe da yawa, na ga yadda ake sayen sa hannu da kwalba ɗaya ko da murmushin babban mutum. Mai cewa a'a ma na gani, wanda in ya faɗa sai ya naɗe hannu ya bar ku da matsalarku. Wanda zai ce a'a, sannan ya zauna mako uku yana nemo muku ƙofar i, a wurinka kaɗai na gani.

Ba ka taɓa yi mana ƙarya don mu ji daɗi ba. Da aka fara ƙera manyan jiragen nan masu kama da unguwa guda, muka zo muna tambaya ko za su zo mana, ka ce ko ruwa ya ƙafe ƙarƙaf ba za su shige ba, mu riƙe wanda muke da shi da kyau. Mun ji haushi, mun riƙe. Ɗiyar Ñato ta gama karatun jinya da kuɗin Asabar. Matan Chorrillo sun sayi injin wanki na biyu. Ba wanda ya rubuta sunanka a jikin ko ɗaya, kai kuma ba ka nema ba. Abin da ka samu gwiwoyi ne da ba sa son tsani.

Yanzu ana ta raɗe-raɗin Amarilis ya tsufa, kamfani zai kawo wani a madadinsa, wai ya ɗan fi shi tsawo. Da ƙafa nawa, ba wanda ya sani, kuma na ga alamar wasu ba sa son a sani. Wata injiniya, Ingeniera Yariela Cumberbatch, ita ce za ta karɓi aikin. Tana da na'urori da Don Evaristo bai taɓa riƙewa ba, amma an ga ta hau bene goma sha huɗu a bayansa makon jiya, ta sauko tana haki tana dariya. Ranarta tana zuwa. Wani mai takarda da biro zai tsaya a gabanta, ya dubi sama, sannan ya juyo gare mu, domin ya san da bakinmu ake karya irin waɗannan mutane.

Saboda haka muka zauna ranar Laraba, 'yan dako da masu tasi da matan wanki, muka ɗaga hannu a kan magana ɗaya. Duk ranar da mai awo ta ce jirgi ba zai wuce ba, ba mai buɗe baki a cikinmu. Za mu ajiye kaya mu koma bayanta mu tsaya, ko awa uku ne ko kwana uku. Ku kuma masu karanta wannan, ko gini kuke dubawa, ko birkin mota, ko ma'aunin kifi a kasuwa, in aka kawo muku takarda ku tashi ku je ku ga abin da idonku kafin ku taɓa biro.

Mun gode, Don Evaristo. Allah ya huta da gwiwoyinka, ya ba ka tsawon rai. Ranar nan kai kaɗai muka bari. Wadda ta gaje ka ba za mu bar ta ita kaɗai ba.